Zoɓon Gidanmu da Haƙorin Uwata

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina tun da tsufa ya kama ni. Shekaranjiya ma sai da na tayar da gida ana neman hulata, ashe tana kaina. Amma maganar haƙorin 'yata ta fari, da yadda na kusa rufe mata baki da hannuna saboda tsabar ilimi, wannan kam ba zan manta da ita ba ko da na manta sunan unguwarmu.

Bari in fara gabatar da kaina don ku san da wa kuke magana. A lokacin, wato zamanin soja, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ni masinja ne a wani ofishin ayyuka a nan Maiduguri. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na firamare, amma kada ku raina ni. Na yi shekara ashirin ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kuma a ganina duk takardar da ta wuce ta hammatar mutum, dole wani abu daga cikinta ya shiga jikinsa. Saboda haka a unguwarmu ta Dala ni ne injiniya, ni ne lauya, in likita ya yi nisa kuma ni ne likita. Ba wanda ya naɗa ni, amma ba wanda ya tuɓe ni.

Matata Babarbariya ce, sana'arta zoɓo. Daga Konduga ake kawo mata busasshensa, ta jiƙa, ta tace, ta sa citta da kanumfari da sukari, a ɗura a kwalabe, a jera cikin kula da ƙanƙara. Wanda ya san ranar Maiduguri ya san wannan ba ƙaramar sana'a ba ce. Sai dai tun da ciwon sukari ya same ta aka hana ta ɗanɗanawa. Ni kuma goro ya riga ya kashe min harshe, ko ruwan wanki aka ba ni da sanyi sai in ce ya yi. Don haka aikin ɗanɗano ya koma kan 'yarmu ta fari, wadda nake kira uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci. Kullum da safe sai ta ɗebo ludayi, ta zuƙo zoɓon ta tsakanin haƙoranta na gaba, ta riƙe shi a baki, ta lumshe ido, sannan ta yanke hukunci: a ƙara sukari, ko citta ta yi yawa. Tukunya uku ake yi, kowace kuma sai an ɗanɗana ta sau uku ko huɗu kafin ta wuce.

Tana aji biyu a sakandare hannun famfon tuƙa-tuƙa ya suɓuce wa wata mata a layin ɗiban ruwa, ya doke ta a baki, ya ɓalle rabin haƙorinta na sama na gaba. Leɓen ya warke cikin mako guda, dariyar ce ba ta dawo ba. Yarinya ce mai baki, wadda takan tsaya a tsakar gida tana kwaikwayon masu karanta labarai da Hausa da Barbarci har maƙwabta su leƙo ta katanga. Sai ga shi ta koma magana da gefen gyale a baki. In an ba da labarin ban dariya sai ta sunkuyar da kai, kafaɗunta kawai za ka ga suna rawa. Ni kuwa a duk ilimina magani ɗaya na sani, haƙorin Makka. To yarinyar da ko Damaturu ba ta taɓa zuwa ba, in sa mata haƙorin Makka a riƙa ce mata Hajiya? Haka muka zauna shekara huɗu.

Bayan ta gama makaranta sai aka ji wani gidan talabijin yana neman 'yan mata masu karanta sanarwa da harsuna biyu. Tsohuwar malamarta ce ta kai sunanta ba ta ma sani ba, aka sa ranar gwaji mako shida a gaba. Ranar da labarin ya zo na ɗauka za ta yi tsalle. Sai ta ce wa uwarta, "Mama, can fa ba rediyo ba ne. Bakin mutum ake kallo. Ni ba zan je ba."

Wani akawu a ofishinmu, mutumin Biu, shi ya ga ina zaune shiru kan benci ba na tsokanar kowa, ya tambaye ni ko lafiya. Da na faɗa masa sai ya ce akwai 'yar'uwarsa likitar haƙori a wani asibitin gwamnati, tana yin wani sabon irin ciko fari, in an sa ba mai bambanta shi da haƙori. Washegari na goya uwata a keke muka tafi.

Likitar wata 'yar siririya ce, da ɗan gicciye a sarƙar wuyanta, Hausarta kuwa kamar aska. Ta duba bakin, sannan ta ɗauko wani ɗan faranti mai jerin haƙoran roba, daga fari tas har zuwa mai ruwan ƙasa, tana karawa kusa da na yarinyar don ta zaɓi launin da ya dace. Na leƙa na ce, "Likita, ni nawa wace lamba ce a ciki?"

Ta dubi bakina ta ce, "Baba, naka kamfani bai fara yinsa ba tukuna."

Ta kwaɓa wasu kulluka biyu a kan gilashi kamar mai haɗa lalle, ta ɗora a kan guntun haƙorin, ta yi ta sassaƙa da ɗan ƙarfe. Ba a yi awa guda ba ta miƙa wa uwata madubi. Yarinyar ta duba, ta ajiye madubin, ta sake ɗauka. Sai ta tashi ta fita baranda, inda akwai taga mai gilashi, ta tsaya tana yi wa tagar murmushi. Ni kaina sai da na yi kamar wani abu ya faɗa min a ido.

Saboda ta fita ne likitar ta juyo gare ni da bayani, kuma nan ne ƙaddara ta shigo. Ta ce, "Baba, ka saurare ni da kyau. Aikin bai ƙare ba. Wannan cikon ba ƙashi ba ne, ɗan'uwan roba ne, yana shan launi. Ka dawo da ita ranar Alhamis mai zuwa, ya zauna sosai, in goge shi ya yi santsi, in shafa masa wani ruwa marar launi da zai toshe ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Kafin nan ban da baƙin shayi, ban da kofi, ban da goro. Kai, duk abin da in ya zuba a farar rigarka matarka za ta yi faɗa, kada ya taɓa shi."

Na ce, "Na gane, likita. Ai ni ma a ofishin ayyuka nake."

Ta ce, "Shi ya sa na maimaita."

A hanyarmu ta komawa, ina tuƙa keke ina zama da kaina a kwamiti. Na ce yau shekara nawa ina ganin 'yan kwangila. Su gama gini sarai, sai su rubuto cewa ana bukatar fenti na biyu, da na uku, da wani mai da za a shafa a kan fentin. Abin da ya bushe ya yi ƙarfi ai ya gama. Ga haƙori fari fat, na gan shi da idona, me kuma za a shafa masa? Kuma ranar Alhamis ranar aiki ce, ga layin asibiti, ga neman izini wurin shugabana wanda fuskarsa ba ta san Alhamis da Juma'a ba. Kafin mu kai kwanar gida kwamiti ya zartar cewa ba sai an koma ba.

Uwata ta tambaye ni daga bayan keke, "Baba, me likita ta ce?"

Na ce, "Ta ce ban da baƙin shayi, ban da kofi, ban da goro."

"Ba ta ce a koma ba?"

"In da matsala."

Wannan ita ce ƙaryar, kuma kun ga ba ta da tsawo. Maganar farar riga kuwa ban ma kai ta gida ba. Na tuna da zoɓo, ba zan ce ban tuna ba. Amma na ce zoɓo ai ba kayan Turawa ba ne, ganyen Allah ne, magani ne, yana sanyaya jini. Sannan yarinyar ba sha take yi ba, ɗanɗanawa take yi. Ludayi ɗaya me zai yi? Ban tsaya na lissafa cewa ludayin nan yana zuwa sau goma sha kullum ba, kuma ta kan haƙorin nan yake bi, ya zauna a kansa, yana jiran hukunci.

Mako uku muka yi cikin daɗi. Gyale ya sauka daga baki. Da hantsi sai ta ɗauki tsohuwar jarida ta tsaya a inuwar darbejiyar tsakar gida, ta jingina madubi a kan randa, tana karantawa: sanarwar ɗaurin aure, cigiyar akuya, gargaɗi ga masu zubar da shara a kwata. Ta yi da Hausa, ta juya da Barbarci. Uwarta tana gyara mata, ni kuma ina zaman alƙali ina ba da maki. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta yi sannu irin ta Barbarci ta ce, "Wushe, ashe mai labarai ta dawo daga tafiya."

Uwarta ce ta fara gani. Wata safiya ta ce, "Zo nan cikin rana. Buɗe." Na matso ni ma. A daidai inda ciko ya haɗu da haƙori akwai wani siririn layi mai ruwan shuni-shuni, kamar an ja zare. Shi kansa cikon ya ɗan yi duhu, ba irin hasken 'yan'uwansa ba. In ba ka sani ba ba za ka lura ba, amma mu mun sani.

A nan ne ya kamata in ɗauki keke in koma asibiti. Amma komawa yana nufin likita ta tambaye ni ina na shiga ranar Alhamis, a gaban 'yata. Sai na gyara murya na ce wannan ƙaramin abu ne, datti ne kawai, kakanninmu da me suka wanke haƙori? Na sa aka daka gawayi, aka haɗa da tokar murhu da ɗan gishiri, na yanko mata asawakin darbejiya mai tauri. Na ce safe da yamma ta dirza, kada ta ji tausayinsa. Har na tsaya a kanta ina cewa ta ƙara ƙarfi.

Cikin mako guda muka ga aikin likita na biyu, wato ni. Cikon ya rasa ƙyallinsa gaba ɗaya, ya zama kamar bangon da aka kankare. Baƙin gawayi ya shiga layin nan ya zauna, zoɓo kuma ya samu gida mai ɗakuna da yawa. Daga nesa ma kana hango shi, wani abu tsakanin toka da shuɗi a tsakiyar fararen haƙora. Wallahi guntun haƙorin nan na da can ya fi shi kyan gani, don shi aƙalla an san hatsari ne.

Ranar Laraba, saura kwana biyar gwaji, na dawo daga aiki da la'asar ban ji karatun sanarwa ba. Madubin yana kife a kan randa. Uwata tana zaune a bakin ƙofar ɗakin uwarta tana wanke kwalabe, gyale a baki. Na ce, "Yau mai labarai ba ta aiki?"

Ta ce, "Baba, na fasa." Ta juya kwalba, sannan ta ce, "Kada ku ga laifin likita, ta yi iya ƙoƙarinta. Ina jin bakina ne kawai ba ya karɓar gyara."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Yarinya ta ɗauki laifina ta ɗora wa bakinta, kuma ta yi shirin ɗaukarsa har ƙarshen rayuwarta. Matata tana gefe tana tace zoɓo, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, me likitar nan ta ce?"

Mutum ya yi shekara ashirin da biyar da mace, akwai irin muryar da in ta yi ya san an gama bincike, jiran amsa laifi kawai ake yi. Na zauna a kan turmi na faɗi duka: Alhamis, gugar, ruwan shafawa, farar riga. Matata ta dubi hannunta da zoɓo ya rina har wuyan hannu, ta dubi tsumman tacewa wanda a da fari ne, sannan ta dube ni. Ta yi min wata magana da Barbarci wadda ba zan fassara muku ba, don wataƙila akwai yara cikin masu karatu.

Uwata kuwa abu ɗaya ta tambaya. "Baba, me ya sa?"

Na ce, "Na ɗauka na sani, uwata. Ki yafe min."

Ta ce, "To gobe wa zai yi wa likita bayani?"

Na ce ni.

Da safe na ɗauki kwalbar zoɓo mai sanyi na naɗe a jarida, don kada in shiga hannu biyu babu komai. Likitar ta kwantar da yarinyar, ta haska fitila, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Wa ya yi wa aikina wankin tukunya?"

Na ce, "Likita, wani ne a gidanmu."

"Wanin nan yana aiki a ofishin ayyuka?"

"Yana taɓawa."

Na ba ta labari tun daga kwamitin kan keke har zuwa gawayi. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ta yi. Ta kama hannun rigata ta kai ni bakin taga. A kan dakalin tagar akwai ƙananan kwalabe irin na ruwan allura a jere, kowace da takarda a manne. Cikin kowace akwai 'yan fararen abubuwa biyu kamar maɓallan riga. Ta ce ragowar ciko ne, in ta gama aiki sai ta dunƙule abin da ya saura ta jefa. A kowace kwalba ɗaya maɓallin ta goge shi ta shafa masa ruwan nan, ɗayan ta bar shi yadda yake. Kwalba ɗaya ruwa ne zalla, ɗaya baƙin shayi, ɗaya kofi, ɗaya baƙin lemon kwalba, ɗaya ruwan goro da ta tauna da kanta. Ta ce littattafan da ta karanta waɗanda suka rubuta su ba su san abin da muke sha a nan ba, shi ya sa take tambayar taga.

Ta zazzago su a kan farar takarda. Na cikin ruwa suna nan fari fat. Na cikin kofi da shayi, wanda ba a shafa ba ya koma launin ƙasar Dala bayan ruwan sama, wanda aka shafa kuwa ɗan dishi-dishi kawai ya yi. Na baƙin lemo bai yi duhu sosai ba, amma ta ce in taɓa, na ji ya yi kaushi. Ta ce tsamin ne ke cin fuskarsa, in ya ci kuma duk launin da ya biyo baya sai ya samu wurin zama. Na goro kuwa ban tsaya kallo ba, na san fuskar ɗan'uwana.

Na ce, "Amma likita, ai har wanda aka shafa ɗin ma bai tsira gaba ɗaya ba." Kun ga halina, ina tsaye a gaban kotu ina neman kuskuren alƙali.

Ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Shafen ba laya ba ne. Ragewa yake yi, ba hanawa ba, kuma yana gogewa da lokaci, sai an sabunta. Amma dubi wannan, dubi wannan. Wanne kake so a bakin 'yarka?" Sai idonta ya kai kan jaridar da ke hannuna. "Mene ne wannan?"

Na kwance na miƙa mata. Ta ɗaga kwalbar a haske ta ce, "Shi ne mai laifin?" Ta buɗe ta kurɓa. "Gaskiya yana da daɗi. Ga tsami ga launi, biyu a ɗaya. Shi ne ma ba ni da shi." Ta ɗauko kwalbar allura ta tsiyaya, ta jefa maɓallai biyu, ta rubuta takarda ta manna. Sauran kuma ta shanye.

Sannan ta koma kan yarinyar, fuskarta ta daina wasa. Ta ce in launin a sama ya tsaya za ta iya kankare shi. In kuwa ya nutse ciki, sai an cire cikon duka an sake, kuma irin launin da ya dace da haƙorin uwata ya ƙare mata, ba ta san ranar da za a kawo wani ba. Ta kunna injinta mai kukan sauro. Ni kuwa na koma kan benci na kama tasbihi. Ban taɓa sanin cewa gaban mutum zai iya faɗuwa saboda abin da bai kai ƙwayar masara ba. Tana gogewa, ta tsaya ta fesa ruwa ta duba, ta canja kan injin ta ci gaba. Uwata ta runtse ido, hannunta ya damƙe gefen kujera.

Can sai likitar ta ce, "Baba injiniya, zo ka duba kwangila."

Shuɗin ya tafi. Layin nan ma ta bi shi ta share, ta cike gurbinsa da ɗan abin da ta kankaro daga gindin kwalbar kullun cikon. Sannan ta ɗauko wani ɗan buroshi kamar gashin tsuntsu, ta shafa ruwan nan marar launi. Abin da na ƙi dawowa dominsa bai ɗauki minti biyar ba. Da ya bushe sai haƙorin ya ɗauki haske irin na 'yan'uwansa.

Wannan karon ba ta yi min bayani ba. Ta zaunar da yarinyar ta faɗa mata da bakinta: kwana biyu ban da duk wani abu mai launi. Bayan nan in za ta sha zoɓo ko shayi ta sha da tsinken roba ya wuce can ciki, kada ta riƙe shi a baki, in ta gama ta kuskure da ruwa. Buroshi mai laushi, ban da gawayi, ban da toka, ban da shawarar masinja. Bayan wata shida ta dawo a duba. Ta ƙara da cewa, "Ke za ki kawo kanki. Shi in yana so ya rako ki."

Matsalar da ta rage ita ce wa zai ɗanɗana zoɓo. Matata ta ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Kwana huɗu ina wannan aiki, kuma ina ganin na yi ƙoƙari, amma jama'a ba su da adalci. Wani direba a tasha ya dawo da kwalba ya ce a tambayi mai zoɓo ko yau na marasa lafiya aka yi. Washegari na ƙara sukari, wata tsohuwa ta ce leɓɓanta sun manne. Daga ƙarshe uwa da 'ya suka zauna suka tsayar da awo da gwangwanin madara, sukari kaza, citta kaza, aka sallame ni ba takardar yabo.

Ranar Litinin na kai ta gidan talabijin, na zauna a gindin bishiya a waje tare da iyayen wasu. 'Yan mata sun kai talatin. Bayan azahar ta fito. Ban tambaye ta yadda aka yi ba, gyalen kawai na duba, yana kafaɗa. Ta ce sun sa ta karanta sanarwar rigakafin ƙyanda, ɗaya daga cikinsu ya ce ta yi murmushi a ƙarshe, ta yi. Bayan mako biyu aka aiko ta fara aiki.

Ranar da za ta fara fitowa, da yake ba mu da talabijin, unguwa ta taru a ƙofar wani tela bayan magariba, ya fito da tasa ya ɗora kan tebur. Aka yi kiɗa, sai ga uwata ta cika akwatin, ta yi sallama da Hausa, ta yi da Barbarci, ta buɗe baki sosai kamar ba ta taɓa sanin gyale ba. Mata suka yi guɗa. Ni kuwa sai a lokacin na lura da wani abu. Na sunkuya na raɗa wa matata, "Ke, talabijin ɗin nan fa baƙi da fari ne. Ko kore haƙorin ya zama ba wanda zai gani."

Ba ta ɗauke ido daga akwatin ba ta ce, "Ita za ta gani."

Na daɗe ina juya wannan magana. Duk tsawon lokacin nan ni launin haƙori nake aunawa, ina cewa ƙaramin abu ne, alhali ba ni ke ɗauke da shi a baki ba. Abin da ranar ta koya min shi ne, girman aibi ba mai kallo ke faɗinsa ba, mai ɗauke da shi ne. Kuma in wanda ya san aiki ya ce bai ƙare ba, to bai ƙare ba ko da yana ƙyalli, don abin da ke kare shi sau da yawa ido ba ya ganinsa. Wanda kuma yake jin yana da ilimi irin nawa, ina roƙonsa ya fara gwada shi a bakinsa tukuna, ya ƙyale na 'ya'yan mutane, har da waɗanda ya haifa.